Yadda Ake Kai 'Yan Uwa Yawon Buɗe Ido Idan Sun Ziyarce Ka a Ƙasar Waje

Duk wanda zama ya kai shi wata ƙasa, ko don karatu ko don aiki ko don aure, ya san irin murnar da ke cika zuciya ranar da aka tabbatar masa cewa iyaye ko 'yan uwa suna tafe. Murnar ba ta gama sauka ba sai tunani ya biyo baya: ina za a kai su, a cikin kwana nawa, kuma yaya za a yi da aiki? Mafi yawanmu kuskure iri ɗaya muke tafkawa a karon farko, wato mu ɗauki biro mu jera duk wani wuri da ya yi suna a birnin, mu cusa su cikin mako guda, saboda muna son baƙin su koma da labari mai yawa, kuma idan za a faɗi gaskiya, muna son su ga cewa mun san gari. Ni ma haka na yi lokacin da mahaifiyata ta fara zuwa wurina. A rana ta uku, muna tsakiyar wani babban gidan tarihi, ta sami benci ta zauna ta zare takalmi, ta ce da ni, "Kai da ƙannenka ku je ku gani, in kun dawo ku ba ni labari." Tun daga ranar na fara auna kowane tsarin yawo da ƙafar wanda ya fi kowa saurin gajiya a cikin tawagar, kuma a kan wannan ma'auni ne matakan da ke tafe suka ginu.

Mataki na farko: ka yi tambaya tun kafin a sayi tikiti

Baƙo ba ya son ya zama nauyi, musamman idan babba ne, saboda haka idan ka tambayi mahaifinka abin da yake son gani, amsar da za ka samu ita ce duk inda ka kai shi ya yi. Wannan amsa ba ta da amfani wajen tsari. Abin da ya fi shi ne ka bi ta hannun wanda suke zaune tare da shi, yayarka ko ƙaninka, ka tambaye shi abubuwan da ake gani da ido: minti nawa Baba yake iya tafiya a ƙafa kafin ya nemi wurin zama, yaya gwiwar Mama take da matakala, wane magani suke sha kuma da ƙarfe nawa, suna barcin rana ko ba sa yi, akwai abincin da likita ya hana ko wanda su da kansu ba sa ci. Idan da yara a tafiyar, ka san shekarunsu da tsawonsu, domin a ƙasashe da yawa doka ta wajabta wa yaro kujerar mota ta musamman. A Birtaniya sai yaro ya cika shekara 12 ko ya kai tsawon santimita 135 kafin a ɗauke masa wannan sharaɗi, a Jamus kuwa tsawon santimita 150 ne.

Bayan haka ka roƙi kowane baƙo ya faɗi wuri ɗaya tak da zai ji haushi idan ya koma bai gani ba. Za ka sha mamakin amsoshin. Wani filin ƙwallon da ya daɗe yana kallo a talabijin yake so, wata teku take so ta gani, wani kuma jami'ar da ɗansa ke karatu ita ce burinsa. Waɗannan ne ginshiƙan tsarin, sauran duk ƙari ne.

Mataki na biyu: lokacin zuwa da takardu

Zaɓen wata ya fi zaɓen wuri muhimmanci, domin yanayi ne ke yanke yawan awannin da za a iya yi a waje. A Landan, a ƙarshen watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, hasken yini bai kai awa 8 ba, alhali a watan Yuni sai bayan ƙarfe 9 na dare take faɗuwa. A Dubai kuwa abin ya juya, domin a watannin Yuli da Agusta zafi yana haura digiri 40, ba a iya yawo a fili sai da sassafe ko bayan faɗuwar rana. Ga dattijon da bai saba da sanyi mai tsanani ba, watannin da ke tsakanin hunturu da zafi sun fi dacewa a Turai da Arewacin Amurka, wato Mayu da farkon Yuni ko kuma Satumba, kuma a lokacin cunkoson 'yan yawon buɗe ido bai kai na Yuli da Agusta ba, lokacin da makarantu ke hutu.

Batun biza shi ne inda ake yawan yin tuntuɓe, kuma yana shafar yawon kai tsaye. Bizar ziyara ta Birtaniya yawanci tana ba da damar zama har wata 6, kuma ana iya neman ta wata 3 kafin ranar tafiya, amma ba ta shigar da mutum Faransa, duk da cewa jirgin ƙasa yana kai mutum daga Landan zuwa Faris cikin awa biyu da 'yan mintuna. Faransa da Jamus da Italiya da Sifaniya suna cikin yankin Shengen, wanda bizarsa daban take, tana ba da damar kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma ana nemanta ne a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. A ƙa'ida mutum yana neman wannan biza ne a ƙasar da yake zaune, don haka idan kana da niyyar tsallakawa da baƙinka wata ƙasa, sai su samo bizar tun suna gida, ba bayan sun iso ba. Ka duba fasfo ɗin kowa da idonka ta hoto, domin Shengen tana buƙatar fasfon ya rage aƙalla wata 3 bayan ranar fita, wasu ƙasashen kuma wata 6 suke nema. Takardar gayyatar da za ka rubuta ta ƙunshi dangantakarku, adireshin da za su sauka, ranar zuwa da ta komawa, da wanda zai ɗauki nauyi, kuma abin da ke cikinta ya yi daidai da abin da za su faɗa wa jami'in shige da fice a filin jirgi.

Inshorar lafiya ta tafiya kada a yi mata rowa. Bizar Shengen ma ba a bayar da ita sai da inshorar da ta kai Yuro 30,000. A Ingila ana duba kowa kyauta a sashen gaggawa, amma da zarar an kwantar da baƙon da ba mazaunin ƙasa ba, ana cajinsa kashi 150 cikin ɗari na kuɗin aikin, a Amurka kuwa kwana ɗaya a asibiti yana iya cinye abin da aka tara don tafiyar gaba ɗaya. Wajen sayen inshora a bayyana duk wata cutar da mutum yake da ita, kamar hawan jini ko ciwon suga, domin ɓoye ta yana ba kamfanin hujjar ƙin biya. Magunguna su zo a cikin kwalinsu na asali, a jakar hannu, tare da takardar likita, kuma a ƙara na mako guda a kan na kwanakin tafiyar. Wasu magungunan kashe ciwo, irin su kodin da tiramadol, suna ƙarƙashin doka mai tsauri a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da wasu ƙasashe, shiga da su ba tare da takarda ba babban laifi ne.

Mataki na uku: isowa da kwana biyu na farko

Idan a cikin baƙin akwai wanda doguwar tafiya ke wahalar da shi, ka nema masa taimakon keken marasa lafiya daga kamfanin jirgin aƙalla awa 48 kafin tashi. Mutane da yawa suna jin kunyar wannan, alhali manyan filayen jirgi suna da nisan da ya kai tafiyar minti 20 daga ƙofar jirgi zuwa wurin duba fasfo, kuma ma'aikacin da ke tura keken shi zai bi da su ta hanyar da ta dace, wanda babban sauƙi ne ga wanda ba ya jin harshen ƙasar. Ka gargaɗe su a kan abin da za su ɗauko maka, domin Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara da abin da aka yi da su daga ƙasashen waje, Amurka da Ostireliya ma suna da tsauri sosai a kan kayan abinci da tsirrai. Tsabar kuɗin da ta kai Yuro 10,000 a Tarayyar Turai, ko ta haura Dala 10,000 a Amurka, wajibi ne a bayyana ta ga jami'an kwastan.

Ranar isowa da washegarinta kada ka sa komai a tsari sai ɗan tattaki a unguwa. Idan akwai bambancin awanni tsakanin ƙasashen biyu, jiki yana buƙatar kusan kwana ɗaya a kan kowace awa kafin barci ya daidaita, kuma tafiya gabas ta fi tafiya yamma wahala. Fita cikin hasken rana da jinkirta barci zuwa dare su ne suka fi taimakawa. A waɗannan kwanaki ne za ka sa wa wayar kowa layin ƙasar ko ka buɗe masa intanet, ka ba su mahaɗin soket da ya dace da cajarsu, ka adana lambarka da lambar gaggawa, wadda ita ce 112 a Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka. Ka rubuta sunanka da adireshin gida da lambar waya a ƙaramar takarda, da harshen ƙasar, kowa ya sa a aljihu, domin waya tana mutuwa a lokacin da aka fi buƙatarta. Tattakin unguwar kuma jarrabawa ce a ɓoye: a nan za ka ga ainihin saurin tafiyar kowa, wanda sau da yawa ya sha bamban da abin da aka gaya maka a waya.

Mataki na huɗu: zaɓen wurare da jera su

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma ƙa'idarsa ita ce babban wuri ɗaya a rana, da safe, sannan wani ƙaramin abu a kusa da shi bayan an ci abinci an huta, idan ƙarfi ya rage. Bayan kowane kwana biyu na fita a bar kwana ɗaya a gida. Wanda ya ga wannan ya yi kaɗan ya tuna cewa shi ya shekara yana tafiyar wannan birni, ƙafarsa ta saba, ya san inda zai juya ba tare da tunani ba, alhali baƙo kowane abu sabo ne a idonsa, kuma kallon sabon abu shi kansa yana gajiyar da mutum. Sannu ba ta hana zuwa.

Ka buɗe taswira ka haɗa wuraren da ke kusa da juna a rana ɗaya, maimakon ka jera su bisa shahararsu. A Istanbul, Masallacin Sultan Ahmed da Aya Sofiya suna fuskantar juna, Fadar Topkapi kuma tana bayansu, saboda haka unguwa ɗaya ce, ko da yake fadar kaɗai ta isa aikin yini. A Landan, majalisar dokoki da hasumiyar agogon Big Ben da cocin Westminster duk taku kaɗan ne tsakaninsu.

Daga nan sai ka duba ranakun rufewa, domin babu abin da ya kai tsayawa da iyaye a gaban rufaffiyar ƙofa kunya. Gidan tarihi na Louvre a Faris ba ya buɗewa ranar Talata, na Orsay kuma ranar Litinin. Fadar Topkapi ma Talata take rufewa, babbar kasuwar Istanbul mai rufi kuma Lahadi. Gidajen tarihi na Vatican suna rufe ranar Lahadi, ban da Lahadin ƙarshen wata da ake shiga kyauta, wadda ba na ba mai tafiya da dattawa shawarar ya zaɓa saboda tsawon layi. A Jamus kusan duk shaguna suna rufe ranar Lahadi. Bikin sauya masu gadi a Fadar Buckingham, fadar sarautar Birtaniya da ke Landan, ba kullum ake yin sa ba. Wuraren ibada da ake ziyarta suna da ƙa'idar sutura da lokutan da ake rufe su ga masu kallo, kuma ana aiki da ƙa'idar da gaske: a cocin Saint Peter da ke Vatican ana mayar da wanda kafaɗarsa ko gwiwarsa ke buɗe.

Yawancin manyan wurare yanzu tikiti mai ƙayyadadden lokaci suke sayarwa ta intanet, kuma wasu suna ƙarewa makonni kafin ranar. Fadar Alhambra da ke Granada a Sifaniya tana rubuta sunan mai tikiti a jikinsa, ana kuma neman fasfo a ƙofa. Hawa cikin kambin mutum-mutumin 'yanci na New York sai an kama wuri tun da wuri. Ka sayi tikiti daga shafin wurin kansa, ba daga masu sayen su sayar ba, ka duba ko akwai rangwame ga dattawa da yara da nakasassu da mai rakiyarsu, kuma kada ka kama lokacin farko na safiya, domin fitar da iyali daga gida yana ɗaukar ninkin lokacin da kake zato. Tsakanin ƙarfe 10 da 11 ya fi kwanciyar hankali. Kada kuma ka sayi tikitin duka kwanakin a tashi ɗaya. Ka kama na wurare biyu ko uku da ba za a rasa ba, sauran ka bar su a buɗe saboda ruwan sama da gajiya.

Matakala ita ce abin da mazaunin gari ya fi mantawa da shi. Hawa hasumiyar Eiffel ta Faris da ƙafa zuwa bene na biyu matakala 674 ne, don haka tikitin lif za a saya, ko kuma a tsaya a dandalin Trocadéro da ke tsallaken kogi, inda ake ganin hasumiyar gaba ɗayanta fiye da yadda na kanta yake ganinta. Ƙubbar cocin Saint Paul ta Landan matakala 528 ce har ƙololuwa. Manyan gidajen tarihi da yawa suna ba da aron keken marasa lafiya ko kujerar naɗewa kyauta, sai dai wasu suna son a nema tun kafin a zo. A irin waɗannan gidaje kada a yi yunƙurin ganin komai. Louvre yana da abubuwa sama da 30,000 a baje, wanda ya ce zai gama su a yini ɗaya zai fito da ciwon ƙafa ba tare da ya tuna ko ɗaya ba. Ka zaɓi abubuwa biyar ko shida, ka san ɗakunan da suke, a yi awa ɗaya da rabi a fito.

Wuraren da ake shiga kyauta suna da wata fa'ida da ta wuce ta aljihu, wato idan wani ya gaji bayan rabin awa, ana fita ba tare da jin an yi asara ba. A Landan, gidan tarihi na Birtaniya, wanda aka buɗe wa jama'a a 1759, kyauta ake shigarsa, haka ma gidan tarihin halittu da na kimiyya da ke Kensington ta Kudu, waɗanda yara suka fi so. Gidajen tarihi na Smithsonian a Washinton ma kyauta ne. Abin da na fi yabawa ga mai tafiya da dattawa kuwa shi ne jirgin ruwa, domin mutum yana zaune birnin yana wucewa ta gabansa. Jirgin fiton Staten Island a New York kyauta ne, tafiyar kusan minti 25, kuma yana wucewa ta gaban mutum-mutumin 'yanci. A Istanbul jirgin fito na yau da kullum yana ɗaukar mutum daga Turai zuwa Asiya cikin kusan minti 20. A Landan ana bin kogin Thames har Greenwich.

Idan da hali, ka bi hanyar kai kaɗai mako guda kafin su zo, kana tafiya a hankali, kana lura da inda benci yake, inda banɗaki yake, da ƙofar da ba ta da matakala.

Mataki na biyar: abin hawa

Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fi sauri, amma ba lallai ne ya fi dacewa ba. Na Landan ya fara aiki tun 1863, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na tashoshinsa ake shiga ba tare da matakala ba. Na Faris ya fi haka wahala, in ban da layi na 14. Bas ta fi jinkiri, amma tana sauke mutum a bakin titi kuma ana kallon gari ta taga. Ka guji lokacin tafiya aiki da na tashi, wato wajen ƙarfe 7 zuwa 9 da rabi na safe da 4 zuwa 7 na yamma. Kowane birni da yadda ake biyansa: motocin bas na Landan sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014, kuma kowane babba sai da nasa katin, ba a taɓa kati ɗaya wa mutum biyu, yara 'yan ƙasa da shekara 11 kuma kyauta suke hawa idan suna tare da babba. A Jamus da Italiya akwai tikitin takarda da sai an buga masa hatimi a na'ura kafin a fara tafiya, in ba haka ba mai duba tikiti zai ci tara, kuma rashin sani ba ya zama uzuri a wurinsa.

Kafin a shiga jirgi a karon farko, ku yi yarjejeniya guda: idan ƙofa ta rufe ta raba ku, wanda ke ciki ya sauka a tasha ta gaba ya tsaya a inda ya sauka, wanda aka bari ya biyo jirgi na gaba. Kai ne za ka riƙa shiga a ƙarshe. Ka nuna musu ɓangaren da ake tsayawa a matakala mai tafiya da kanta, wanda a Landan dama ne, ka kuma riƙa tuna musu ɓangaren da motoci ke fitowa a ƙasashen da ake tuƙi ta hagu kamar Birtaniya da Japan, da hanyar kekuna a birane irin su Amsterdam, inda baƙo kan ɗauka gefen masu tafiya a ƙafa ne. Ka ware kuɗin tasi na dawowa a kowace rana. Dawowar ce take karya mutane, ba tafiyar ba.

Mataki na shida: ranar fita

Da daddare ka duba hasashen yanayi, ka yi cajin wayoyi, ka sauke tikiti a waya ka kuma buga su a takarda. A jaka ɗaya da kai za ka goya ka sa ruwa, ɗan abin taɓawa, maganin da za a sha a ranar, laima, rigar sanyi ta ƙari, batirin caji da hoton fasfo ɗin kowa. Asalin fasfo ya zauna a gida sai a wurin da aka ce dole a nuna shi ko a ƙasar da doka ta ce baƙo ya riƙa yawo da shi. Takalmi ya zama wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, domin sabon takalmin da aka saya don tafiya shi ne ke fara kwantar da mutum.

Lokacin cin abinci ka sa shi a tsari kamar yadda ka sa lokacin tikiti, musamman idan da mai ciwon suga, kuma ka san gidan abincin tun kafin yunwa ta kama, wanda ya dace da abin da baƙinka ke ci. Titi biyu ko uku nesa da wurin kallo yawanci abinci ya fi kyau kuma an fi samun wurin zama. Haka lokutan ibada, a san inda za a tsaya tun daga gida. Game da hutu, kada ka tambayi babba ko ya gaji, domin zai ce a'a. Ka ce kai ne kake son zama ka sha ruwa, ka yi haka kusan duk bayan minti 40, kuma duk inda aka ga banɗaki mai tsabta a shiga ko ba a matsu ba, tunda a birane da yawa na Turai samunsa yana da wuya, wani kuma sai an biya.

Da an isa wuri mai cunkoso, abu na farko shi ne a nuna wa kowa inda za a haɗu idan an ɓace, wuri mai tsayi ko mai alamar da ba ta ɓoyuwa. 'Yan sane sun san baƙo daga nesa, kuma dabarunsu sanannu ne: mai takardar neman sa hannu, mai ɗaura wa mutum zare a hannu ya ce kyauta ne, mai cewa ya tsinci zobe. Jaka ta dawo gaba, waya kada ta kwana a aljihun baya, kuma a koya wa baƙi wucewa ba tare da tsayawa ba, abin da ke yi wa mai kirki wuya.

Kai ne ɗan jagora, amma kada ka mayar da yawon aji. Jimla biyu ko uku a kan kowane wuri sun isa, misali cewa hasumiyar Eiffel an gina ta ne don baje kolin duniya na 1889 kuma tun farko ba a yi niyyar barinta dindindin ba. Sauran ka bari su tambaya. Sau da yawa abin da zai ɗauke hankalinsu ba ya cikin tsarinka, wataƙila yadda ake share titi ne ko tsuntsayen da ke wani tafki, kuma idan suka tsaya kallo kada ka duba agogo. Hotuna kuwa ka ɗauka da yawa, ka roƙi wani ya ɗauke ku tare, domin mai masauki shi ne wanda aka fi rasawa a hotunan ziyara.

Mataki na bakwai: kuɗi, aiki, da raba tawaga

Maganar kuɗi a gama ta kafin a zo, cikin ladabi, domin jayayya a gaban mai karɓar kuɗi tana ɓata yini. Ka yi lissafin tikiti da abin hawa da abinci na kowace rana, ka ninka da yawan mutane, ka ƙara wani abu saboda abin da ba a zata ba. Iyaye da yawa suna son su biya wani abu don kada su ji sun zama kaya, saboda haka ka bar musu abinci ɗaya ko biyu. Ka ba kowane babba ɗan kuɗin ƙasar a hannu tun ranar farko. Idan na'urar biyan kuɗi ta tambayi baƙo ko a cire da kuɗin ƙasarsa ko da na ƙasar da yake ciki, ya zaɓi na ƙasar da yake ciki, domin canjin da na'urar ke yi ya fi tsada.

Hutun aikinka kada ka ƙarar da shi a makon farko. Ka rarraba shi, ka fi ɗaukar ranakun tsakiyar mako da wurare ba su cika ba, ka ajiye kwana biyu don ƙarshen ziyarar. A ranakun da kake aiki ka koya musu hanya ɗaya mai sauƙi, zuwa lambun unguwa ko shago, domin zaman gida a rufe a ƙasar da ba a san kowa ba yana sa kewa. Idan tawagar ta haɗa matasa da dattawa, babu laifi a rabu: matasa su hau hasumiya, kai ka zauna da manya a ƙasa, a haɗu wurin abinci. Idan kana da iyali, ka raba aikin da mai ɗakinka tun da wuri, ka kuma bar mata ko masa lokacin hutu.

Ka ware yini ɗaya ga rayuwarka ta yau da kullum. Ka kai su su ga ginin da kake aiki ko ajin da kake karatu, tashar da kake jiran bas, makarantar jikokinsu, ka gayyato abokai biyu ko uku su gaisa da su. Mahaifiyata, bayan duk gidajen tarihin da na wahalar da ita, abin da ta fi ba da labari shi ne maƙwabciyata tsohuwa da ta kawo mata furanni, domin ranar ce hankalinta ya kwanta cewa akwai masu sanin halin da nake ciki.

Mataki na takwas: tsaraba da komawa

Sayayyar tsaraba tana cin yini guda cur, don haka a ba ta ranarta, kwana uku kafin tafiya, ba daren ƙarshe ba. A zo da jerin sunaye, a kuma san nauyin da tikiti ya yarda da shi, wanda a yawancin jiragen nesa kilo 23 ne ga kowace jaka a ƙaramin aji. Ƙaramin sikelin rataye yana hana buɗe akwati a tsakiyar filin jirgi. A Tarayyar Turai baƙon da ba mazaunin yankin ba yana iya karɓar harajin saye da aka caje shi, idan ya nemi takardar a shagon da fasfonsa, aka kuma buga mata hatimi a kwastan kafin a miƙa kaya, amma Ingila da Sikotilan da Wales sun soke wannan tsari tun farkon 2021. Batirin caji a jakar hannu yake tafiya, turare da man shafawa masu yawa kuma a babban akwati.

Ranar da ta rage kwana ɗaya kada a fita ko'ina. A nan ne za ka tura wa kowa hotuna, ka wanke kaɗan a takarda saboda dattawa, ka tabbatar da kujerun jirgi ta intanet, ka sake kiran kamfanin a kan keken da aka nema, ka kuma duba cewa ranar fita ba ta wuce wa'adin biza ba, domin ƙarin kwana ɗaya yana iya hana su biza a gaba. A isa filin jirgi awa 3 kafin tashi, kuma kada ka bar wurin sai sun kira ka sun ce sun wuce bincike suna zaune a ƙofar shiga jirgi. Daga nan ka aika wa wanda zai tarbe su lambar jirgin da lokacin saukarsa.